Ina Ake Samun Taliya Ta Ƙwarai? Daga Tashar Batsari Da Safana Zuwa Biranen Turai

Ranar Alhamis, da yake ita ce ranar da kasuwar Batsari ke ci, idan la'asar ta yi sanyi, masu rogo da dankali da gero suka fara ɗinke bakin buhunansu, 'yan kamasho kuma suka shiga kiran fasinjan Katsina da na Jibiya, sai wata kasuwar dabam ta buɗe a bakin tasha, wadda jarinta duka bai wuce tebur da benci da butar shayi da kiret ɗin ƙwai ba. Mai shayi ya jera ƙananan tukwane a kan wuta yana yanka albasa da attaruhu, samari kuwa sun cika benci, wannan ya ce a dafa masa taliyar leda biyu da ƙwai, wancan ya ce tasa a bar mata ɗan ruwa-ruwa, a cika yaji.

Daura da shi kaɗan ga wata dattijuwa zaune gaban babbar roba da aka lulluɓe da farin ƙyalle, a ciki taliya ce 'yar murji, a gefe kuma ga kwalbar manja da gwangwanin yaji. Baƙo ya tsaya ya ce, "Inna, ta yau ce?" Ta yaye ƙyallen ta ce, "Ta yau ce, ɗan nan, ɗanɗana ka ji." Irin waɗannan sana'o'i biyu, da suke zaune kafaɗa da kafaɗa kowace tana jan nata mutane, haka za ka tarar da su a Safana da Runka da Ruma da Wagini.

Malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki, da ma'aikacin asibiti, da direba, da falke, duk wanda dare ya riske shi a waɗannan garuruwa ba tare da iyali ba, tambayarsa ta farko bayan masauki ita ce wa ya fi iya taliya a garin. Tambayar nan kuwa, ko da yake mai karatu zai ɗauke ta ƙaramar magana, ita ce ake yi yau a Landan da Paris da biranen Jamus game da wata taliyar Japan da ake kira ramen, har jaridunsu suna ware mata shafi. Kuma wanda ya bi diddiginta, a can ko a nan, zai tarar a ƙarƙashinta akwai mas'alar halal da haram, da tsafta, da tsadar alkama, da zaman lafiya, da darajar sana'ar hannu.

Abincin lebura da ya zama na alfarma

Ramen taliya ce ta alkama da ake zubawa cikin romo mai zafi, a ɗora mata yankan nama da dafaffen ƙwai da ganyen albasa, a ci da tsinke biyu da cokali. Asalinta daga ƙasar Sin ne, 'yan ci-ranin da suka zauna a birnin Yokohama su suka kai ta Japan, kuma a shekarar 1910 aka buɗe wani gidan abinci mai suna Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo, wanda ya ɗauki masu dafuwa 'yan Sin, ya kuma sa talakawan birnin suka saba da ita.

Abin da ya bambanta silinta da na sauran taliya shi ne ruwan da ake kwaɓa fulawar da shi, wanda yake ɗauke da sinadari dangin kanwa, shi ke ba ta danƙo da launin rawaya, ya hana ta narkewa cikin romo. Romon kuwa iri-iri ne gwargwadon gari: mutanen Sapporo a arewa sun shahara da na waken suya da aka tsima, mai ƙarfin ƙanshi kamar daddawarmu, mutanen Fukuoka a kudu kuma da na ƙashin alade, wanda ake bari a wuta fiye da rabin yini har ya yi fari ya yi kauri.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci a Japan, Amurka kuma ta riƙa tura musu fulawa, sai ramen ta zama abincin lebura da magini da wanda yaƙi ya raba da gidansa, ana sayar da ita a kan amalanke a bakin titi. Amma da yake masu sana'ar ba su raina ta ba, kowa yana ƙoƙarin kyautata romonsa, yana ɓoye sirrinsa, yana koyar da almajiransa shekara da shekaru, a hankali abincin talaka ya yi daraja, har aka gina masa gidan tarihi a Yokohama a 1994, kuma a ƙarshen 2015 wani ɗan shago a Tokyo mai suna Tsuta, wanda kujerunsa ba su kai goma ba, ya sami tauraron littafin Michelin, lambar girma da a da sai manyan gidajen abinci na masu hannu da shuni suke samu.

Yadda ake nemanta a Turai

Wanda ya sauka a Turai yana son ramen ta gaske, masana abin sukan fara tura shi inda Japanawa da kansu suke ci. A Jamus, birnin Dusaldof shi ne cibiyarsu, domin tun shekarun 1950 kamfanonin Japan suka kafa ofisoshi a can saboda cinikin ƙarfe da injuna, yanzu kuwa Japanawa kimanin 8,000 ne suke zaune a garin, shagunansu suna jere a titin Immermann. A Paris titin Sainte-Anne ne matattararsu, a Landan kuma tun wajen 2012 shagunan ramen suka yawaita a unguwar Soho da kewayenta, kwano guda a waɗannan birane yana kamawa daga Yuro 12 zuwa sama, ko kwatankwacin haka.

Alamomin da suke dubawa sanannu ne: dogon layi a ƙofar shago, da ƙarancin nau'in abinci a takardar zaɓi, domin wanda ya ce ya iya komai da wuya ya gwanance a abu guda, da kuma ko a nan ake murza taliyar a dafa romon, ko kuwa daga kamfani aka sayo su a daskare. Mafi yawan mutane dai wayar hannu suke dubawa su ƙirga taurarin da masu ci suka bayar, alhali kuwa an sha kama masu sayen yabo da kuɗi, ga shi kuma wanda ya yaba ɗin ba a san shi ba balle a san iyakar saninsa.

Ɗalibi ko ɗan kasuwa Musulmi da ya je can daga ƙasar Hausa, shi tasa mas'alar ta riga daɗi zuwa, domin romon da ya fi farin jini a shagunan Turai na ƙashin alade ne, naman da ake ɗorawa a sama galibi na alade ne, sa'an nan akan zuba giyar shinkafa a cikin kayan haɗin. Wajibi ne gare shi ya yi tambaya filla-filla, ya nemi shagon da yake da shaidar halal, ko ya zaɓi romon ganye zalla bayan ya tabbatar ba a sa masa giya ba, domin ko romon kaza ne, akwai sauran bincike a kan yanka da kuma kitsen da aka ɗiga a kai. Inda shubuha ta yi yawa kuwa, barin kwanon ya fi zama alheri ga addininsa.

Taliyar da muka gada

Ƙasar Hausa ƙasar gero da dawa ce, alkama kuwa sai a fadama da noman rani, shi ya sa tun zamanin da ayarin Larabawan Gadamas da Tarabulus suke sauka Katsina da Kano, abincin alkama, irin su alkaki da finkaso da alkubus da gurasa da taliya, ya kasance na gidajen sarauta da attajirai da ranakun buki. Sai da fulawar kamfani ta wadata, ƙaramin injin da ake juyawa da hannu kuma ya shigo, sa'an nan taliya ta sauko ta shiga gidan kowa, ta zama sana'ar matan aure a cikin kulle.

Mai yin ta takan tankaɗe fulawa ta sa gishiri, ta kwaɓa da ruwa kaɗan har ƙullin ya yi tauri, ta yayyanka shi curi-curi, ta ɗaure injin a bakin benci ko turmi. Sai ta riƙa tura curin tana juya hannun injin, ta ninka ta sake turawa, tana barbaɗa busasshen gari don kada ya manne, har ya zama falle mai santsi, daga nan ta mai da shi bakin yanka ya fito sili-sili, yara suna tarba a hannu suna ratayewa a igiya. A inuwa ake shanya ta, domin rana mai zafi takan sa ta karairaye. Da hunturu takan bushe da wuri amma sai an yi yaƙi da ƙura, da damina kuwa idan ba a yi hattara ba sai ta yi tsami ko fumfuna.

Dafuwarta ma da ilminta: sai ruwa ya tafasa sosai ake zubawa, ba a barinta ta daɗe, a tsame ta a ɗauraye da ruwan sanyi don kowane sili ya tsaya da kansa, sa'an nan a kawo manja ko man gyaɗa da aka soya da albasa, da yajin barkono da ƙuli-ƙuli, wani lokaci da wake a gefe. Da kuɗin wannan sana'a mata da yawa a ƙasar Ruma da ƙasar Yariman Katsina, wato Batsari da Safana, suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suka yi zubin adashi da buki, ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Shigowar taliyar leda

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, wadda mai shayi yake dafawa jikar ramen ce ta kai tsaye. A shekarar 1958 wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando, wanda ya ga yadda mutane suke bin layi cikin sanyi don kwanon taliya bayan yaƙi, ya gano a wani ɗan ɗaki a bayan gidansa a garin Ikeda kusa da Osaka cewa idan aka turara taliya aka soya ta a mai, ruwanta yakan fita, ta daɗe ba ta lalace ba, kuma ruwan zafi na 'yan mintoci ya isa ya dawo da ita. Kamfaninsa na Nissin ya fitar da ta kofi a 1971, fasahar kuma ta bazu cikin Asiya.

A ƙasar Indonesiya aka fara yin Indomie a 1972, aka fara shigo da ita Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka buɗe wata a Kaduna a 2012, abin da ya kawo ta kusa da kasuwannin Arewa. Yau duniya tana cin kimanin ƙulli biliyan 120 na taliyar leda a shekara, Nijeriya kuwa, da kusan biliyan 3, ita ce kan gaba a Afirka. Ko da yake kamfanoni da dama suna yin tasu, bakin jama'a ya riga ya kama suna guda, wato Indomie, da shi ake kiran kowace.

Dalilin karɓuwarta a bayyane yake, domin ba ta bukatar surfe ko niƙa ko tankaɗe, itacen da za a dafa wake da shi ya isa a dafa ta sau da yawa, kuma gwauro da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ɗan acaɓa duk suna iya sarrafa ta ba tare da sun koyi girki ba.

Tsada da rashin tsaro

Taliyar murji da ta leda duka 'ya'yan alkama ne, alkamar kuwa ba tamu ba ce, domin Nijeriya tana shigo da tan miliyan 4 zuwa 5 ko fiye a kowace shekara, abin da ake nomawa a Kadawa da Haɗeja da Bakolori da sauran wurare bai kai kashi 10 cikin 100 na bukata ba. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta taɓa hana shigo da ita a 1987 don a dogara da ta gida, amma aka janye hanin a 1992. Saboda haka da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sai buhun fulawa da bai kai N15,000 ba kafin 2020 ya haura N60,000 a 2024, ƙaramin ƙullin taliyar leda da aka sani a N50 ya wuce N200.

Batsari da Safana, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su jimillar mutane kusan 400,000, suna da ƙarin wata jarrabawar, kasancewarsu a bakin dajin Rugu. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai ƙauyukan Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30, sun kori dubban manoma zuwa cikin gari, kuma a shekarar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni.

Sana'ar mai shayi sana'ar dare ce, garin da ake rufe ƙofa tun bayan isha'i kuwa ba ya ciyar da ita. A ɗaya gefen, matan da aka raba da gonakinsu, cikinsu har da waɗanda aka kashe wa mazaje, da yawa sun koma ga ƙananan sana'o'in abinci irin su awara da ɗanwake da taliya, sai masu sayarwa suka yawaita a daidai lokacin da jari ya ƙaranta, wanda hakan ya sa wasu rage mai, wasu sake soya na jiya, wasu kuma sayen fulawar da ta kwana biyu don araharta. Zaman sulhun da aka yi a yankin a 2025 ya sa kasuwanni sun ɗan farfaɗo, amma tsadar fulawa tana nan.

Kowa da hujjarsa

Samari suna cewa ta leda ta fi sauri da ɗanɗano, kuma ana dafa ta ne a gaban idonka, da zafinta za ka ci. Masu shayi suna kukan cewa ribar ta koma ga ƙwai da shayi, domin farashin katan yana tashi, mai ci kuwa ba ya yarda a ƙara masa sisi. Mata masu murji kuma suna kafa hujja da cewa tasu ta fi riƙe ciki, ta fi auki, kuma kuɗinta a cikin unguwa yake zagayawa. Dattawa suna mara musu baya, suna ƙorafin cewa an sami 'yan mata da suke kai wa aure ba su iya tuƙa tuwo ba saboda sabo da girkin minti biyar.

Ma'aikatan lafiya damuwarsu gishiri ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada baligi ya kai giram 5 a yini, alhali wanda ya haɗa ƙulli biyu da garin ɗanɗanonsu, mai shayi kuma ya ƙara masa dunƙulen magi, ya cinye mafi yawan rabonsa a zama ɗaya. Ga hawan jini yana yawaita, ga yaran da ake cika wa ciki da taliya zalla ba ƙwai ba wake ba ganye. A 2023, da aka sami wani sinadari mai cutarwa a wani nau'in taliyar leda a Taiwan da Malesiya, hukumar NAFDAC ta yi bincike ta bayyana cewa wadda ake yi a Nijeriya ba ta ɗauke da shi. Ita kuwa ta murji babu hukumar da take leƙa igiyar shanyarta, amanar mai yi ce kaɗai shaidarta.

Malamai a nasu ɓangaren suna tunatarwa cewa shari'a ba ta tsaya ga halascin abinci kawai ba, ta nemi ya zama mai kyau mai tsarki, ta kuma haramta algus da tauye mudu. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta keɓe babi ga ladubban ci da sha, kuma a Daular Usmaniyya akwai muhtasibi da aikinsa shi ne duba kasuwa da ma'auni.

Alamomin ta ƙwarai

Matambayi ba ya ɓata, sai dai a san wanda za a tambaya: direbobin tasha, da 'yan acaɓa, da ma'aikatan da suke kwana a bakin aiki, su ne suka ci ta kowa, kuma shaidarsu ta fi ta taurarin waya nauyi, tun da ka san fuskar mai ba da ita, gobe ma kana iya komawa ka tuhume shi.

A teburin mai shayi, a dubi ruwan da yake wanke tukunya da faranti, ko ana sauya shi. A dubi man suyarsa, idan ya yi baƙi a wuce. A lura ko a gabanka yake fasa ƙwai da buɗe leda, kuma a karanta ranar lalacewa a jikinta. Gwani ba ya barin taliya ta caɓe, ba ya kuma juye garin ɗanɗano duka sa'an nan ya ƙara gishiri.

A wajen mai murji kuwa, hanci shi ne alƙali na farko, domin tsami da warin rima ba sa ɓoyuwa. Silin ya kasance a warware, da ɗan danƙo a haƙori, manjan ya soyu ba gafi, yajin sabon daka ne, robar a rufe take, kuma da cokali ko ludayi ake ɗiba. Wadda tata take ƙarewa kafin azahar ta fi wadda take kai wa magariba da sauran rabi, kuma araha ba ta ado.

Abin da ya rage gare mu

Darasin da ke cikin tarihin ramen shi ne cewa abinci yana samun daraja ne daga itƙanin masu yin sa da kulawar masu cin sa, domin Japanawa su ma shigo da mafi yawan alkamarsu suke yi, abin da suka fi mu shi ne sun ɗauki sana'ar da muhimmanci, sun koyar da ita, sun kuma girmama gwanayenta.

Saboda haka muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin Batsari da Safana su sa duba-gari su riƙa zagaya masu abinci da nasiha da koyarwa kafin tara, su kuma samar da ruwa mai tsabta a tashoshi da kasuwanni. Gwamnatin jiha ta ƙarfafa noman alkama na rani a madatsun Zobe da Jibiya, masu hali kuma su tuna cewa injin taliya guda da buhun fulawa sun isa su tsayar da gwauruwa mai marayu a kan ƙafarta. Kai kuma mai karatu, idan ka dace da mai sana'ar da ta tsare tsafta da amana, ka biya ta haƙƙinta ba tare da ƙwaƙwa ba, ka yaba mata, ka kuma nuna wa baƙo ƙofar gidanta.